Na Karanta wa Yayata Shafin da Ya Raba Mu

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni mai ɗinki ce, a falona nake aiki. Wai tunda a gida nake, kowa gani yake zaman banza nake yi. Yayata kullum za ta sauke min yaranta uku ta wuce wurin aiki, ko tambayata ba ta yi. Wannan ya warware zare, wancan ya taka keken ɗinki, ƙaramin har yadin mutane ya taɓa yanka min.

Wata mai kawo ɗinki ce ta ara min wani littafi kan yadda mutum zai iya cewa a'a. Wallahi kamar marubucin a ƙarƙashin teburina yake zaune. Na gane ashe tsoro ne ya hana ni magana, ni kuma ina kiransa kirki. Akwai shafin da ya yi bayanin masu cinye lokacin wasu, na sa ƙyalle na yi masa alama. Da Yaya ta zo da safe, bakina ya kasa, sai na buɗe shafin na karanta mata a gaban yaran. Ta kama hannunsu suka fita.

Yanzu ba ta ɗaga wayata. Mama ta ce boko ya hau min kai. Abin haushin, gaskiya na faɗa, kuma aikina ya fi tafiya. Amma babbar 'yarta da nake koya wa ɗinka maɓalli, rigar 'yartsanarta na nan cikin aljihun keke ba a gama ba. Ni ce mai laifi?

Ƙanwar da aka daina kira

Ƙanwata, littafin bai yi miki ƙarya ba. Ɗinki aiki ne, kuma yayarki ta yi kuskure da ta mayar da falonki wurin reno ba shawara. Kada ki janye wannan.

Sai dai ke ya kamata ki yi maganar, kika tura baƙo ya yi. Marubucin bai san yayarki ba, bai san ko tana da wani wurin kai yaran ba. Ita abin da ta ji shi ne ƙanwarta ta samo sunanta a littafi, an kuma karanta a gaban 'ya'yanta. Yaran ma sun ji, kuma za su ɗauka su ne kayan nauyin.

Ki bar waya, ki taka ki je, littafin kuma ki mayar wa mai shi. Ki ba ta haƙuri kan yadda kika faɗa, sannan ki gaya mata ranakun da za ki iya da waɗanda ba za ki iya ba, da bakinki. Ki tafi da rigar 'yartsanar da allura, ki ce wa yarinyar aikinta na jiranta. Allah ya daidaita tsakaninku.