Surukina da Guntun Ƙirya a Akwatin Lantarki

Zuwa ga Mai Filin Shawarwari,

Don Allah ka taimake ni. Aikina na farko kullum shi ne duba akwatin lantarki. Yau ma na duba, na kau da kai.

Ni ne mai kula da ma'aikata a wani injin yanka katako na Turawa a bakin dajin Birnin Gwari. Na yi makarantar Midil, na haura arba'in. Akwatin nan shi ke raba wa zartuna wuta. A bakin ƙofarsa akwai wani ɗan ƙarfe: in ƙofa na rufe ta danne shi, in an buɗe ya zabura, wuta ta ɗauke. Sufeton Gwamnati ya ce doka ta hana a taɓa shi.

Tun faɗuwar damina akwatin ke gardama. Makanikenmu ya ce ba ya gane ciwonsa in babu wuta, kuma in zarto ya tsaya a tsakiyar gungume, aikin ranar ya lalace. Sai ya fiƙe guntun icen ƙirya ya tokare ƙarfen. Yanzu zura hannu yake yi ƙofa a buɗe, wuta na gudana, ƙafarsa a kan jiƙaƙƙen garin katako. Shekaranjiya tartsatsi ya babbake masa gashin hannu, ya yi dariya.

Makaniken nan surukina ne, mahaifin matata Furera. Ko sunansa ba na faɗa, a tsugune nake gaishe shi. Da wane baki zan ce ya yi kuskure? Ya fi ni sanin inji, wataƙila ma ni ne matsoraci. Na taɓa zare icen a ɓoye, washegari na tarar da sabo, ya fi na da kyan fiƙa. In na gaya wa manaja, korarsa za a yi. In na yi shiru, ban san da wane ido zan dubi Furera ba ran da abin ya faru.

Naka, Mai Juyayi, Birnin Gwari

AMSA

Malam Mai Juyayi, kai ba matsoraci ba ne. Surukinka ma ba wawa ba ne: aiki yake so ya tafi, kuma akwatin na da ciwo da gaske. Amma wutar lantarki ba ta san gwani ba. Wanda ya sa ƙarfen nan ya sa shi ne don ranar da hannun gwani zai zame.

Zare ice a ɓoye ba magana ba ce, shi ya sa ya amsa maka da wani icen. Iyayenmu da suka kafa kunya sun bar mata ƙofa, ita ce ɗan aike. Tunda kai mai tsara aiki ne, ga na gobe:

Ka nemi amininsa, dattijo irinsa, ya faɗa masa abin da bakinka ba zai iya ba.

Ka gaya wa manaja akwatin na shan ruwa, a turo injiniya. Ciwon za ka kai ƙara, ba mutumin ba.

Kafin injiniya ya zo, ka sa wa ƙofar kwaɗo, kada a buɗe sai an kashe inji.

In ya ƙi duk wannan, to ka tsuguna yadda ka saba, ka faɗa masa da bakinka. Zai yi fushi, fushin zai wuce. Gara ka ji nauyin idonsa da ka ji nauyin makararsa.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya bar wa Furera mahaifinta.