Akwatin da Ba a Buɗe wa Iska

Daga: Mai Kula da Ɗakin Gwaji na Uku,
Sashen Binciken Makamashin Rana.
Litinin, 17 ga Maris, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Ayyuka da Kiyaye Haɗura,
Ta hannun Shugaban Sashe.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: BUƊE RUFAFFEN AKWATIN GWAJI DA JAMI'IN OFISHINKA YA YI, DA ASARAR AIKIN WATA GOMA SHA ƊAYA

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da kokena. Wannan ce takarda ta uku. Ta 10 da ta 24 ga Fabrairu, waɗanda na yi gargaɗi a cikinsu tun abin bai faru ba, an buga musu hatimi an karɓa, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba.

1. A ɗakinmu ana ƙoƙarin fitar da iskar haidurojin daga ruwa da hasken rana. Abu biyu muke haɗawa a kwalba: ƙwayoyin kiristal ƙanana da ido ba ya gani, dangin abin da ake yin faifan sola da shi, da wani sinadari mai suna enzayim da muke tatsowa daga bakteriya. Kiristal ya kama rana ya miƙa wa enzayim ƙarfin, enzayim ya saki haidurojin. Sai dai enzayim ɗin nan ba ya ga maciji da iskar da ni da kai muke shaƙa. Da ta taɓa shi ya mutu, kuma ba ya farfaɗowa. Shi ya sa yake zaune a rufaffen akwatin gilashi, ba ma taɓa komai a ciki sai ta dogayen safofin roba da ke manne da jikin akwatin.

2. Ranar Alhamis, 6 ga Maris, da ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, ina taron sashe, jami'in kiyaye haɗura ya shiga ɗakin da makullin da ke hannun ofishinku. Ma'aikata suna kiransa Buɗe-Taga, ba don raini ba, don dai duk ɗakin da ya shiga sai takardu sun tashi sama. Ya ga kalmar haidurojin a jikin akwatin, ya zare sakatu huɗu, ya wangale ƙofar, ya jawo fankar tsaye ya saita mata baki har minti arba'in. Da ya gama, ya manna koriyar takardar shaidar cewa an duba, komai lafiya lau. Daidai kan jan rubutuna na hana buɗewa ya manna ta.

3. Da na same shi, ya ce shi fam ɗin dubawa na ofishinku yake bi, kuma layi na bakwai ya ce duk inda ake ajiye iska mai kama wuta a buɗe shi ya sha iska. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah da ya kawo shi kafin mu tashi ginin. Ranka ya daɗe, haidurojin da ke cikin kwalaben nan gaba ɗaya bai isa hura balan-balan ɗin yara ba. Na haɗiye abin da ya zo bakina, domin sa'an ƙanena ne, amma raina ya ɓaci matuƙa, kuma har yanzu a ɓace yake.

4. Aikin ba nawa ba ne. Na wata ɗalibarmu ce mai neman digiri na uku, malamar sakandare, uwar 'ya'ya uku, da ta zo bisa hutun karatu. Wata goma sha ɗaya tana rainon bakteriya tana tace enzayim, har ta cika kwalabe ashirin da huɗu. Da ta iso ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya a na'urar awo, ko gezau na'urar ba ta yi ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta naɗe hannun riga ta wanke kwalaben tas, sannan ta tambaye ni, ni da take kira Baba, ko na ci abinci. Da ihu ta yi da ya fi mini sauƙi.

5. Ƙaramar kwalba guda ta tsira, ba ta wuce babban yatsa ba, saboda tana cikin firiza a ranar. Gobe za mu mayar da ita akwatin, kuma da yake gwajin kwana tara yake ɗauka, dole ta zauna a can har 27 ga wata, ranar da mai jarrabawa daga waje zai zo ya ga aikin da idonsa. Hutun malamar yana ƙarewa a ƙarshen Afrilu, makarantarta ta riga ta rubuto cewa babu ƙari. Zagayen dubawa na gaba kuwa ranar Alhamis ne, 20 ga wata. Jami'in ya tabbatar mini, cikin fara'a, cewa shi zai zo kuma fam ɗin bai canza ba.

Saboda haka ina roƙon alfarma, cikin ladabi, a yi abu uku kafin Laraba ta fita: a ba da umarni a rubuce cewa kada a buɗe akwatin, a gyara layi na bakwai, a damƙa makullin ɗakin a hannun Shugaban Sashe. Ba na neman a hukunta jami'in. Abin da aka koya masa ya yi, wanda ya rubuta fam ɗin kuma bai taɓa leƙo ɗakinmu ba.

Idan amsa ba ta iso ba, ina sanar da ofishinka tun yanzu cewa ranar Alhamis za a same ni zaune a kujera a gaban akwatin, kuma ba zan tashi ba. Na san abin da dokar aiki ta tanada ga ma'aikacin da ya hana jami'i aikinsa, na karanta sashen sau biyu. Saura wata goma sha huɗu in yi ritaya, kuma na riga na faɗa wa iyalina.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai Kula da Ɗakin Gwaji na Uku.