Zuwa ga Inna, kan sunan da Yaya Hanne ta sa mini

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Ni ne Sale, autanki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma maganar nan ta tokare mini ƙirji, kuma ke kaɗai za ki gane ta.

Kin tuna lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta, malamai suka yi ƙaranci har aka kira irina mai aji bakwai? Da aka tambayi wanda ya taɓa zama da kurma, na ɗaga hannu saboda Yaya Hanne. Kika ce, "To, Allah Ya sa ita ma ta ci amfaninka." Ba ki kai ganin na gama kwas ɗin koyar da kurame ba.

A Kano aka horar da mu. Malamarmu dattijuwa ce, a shekaru ta haife ni. Duk sanda ta tsaya a gabana tana nuna mini maganar hannu, sai in sunkuyar da kai. Rannan ta gaji, ta ce, "Malam Sale, kurma da ido yake ji. In ka sunkuya, ka tashi ka bar shi ke nan."

Inna, nan take Yaya Hanne ta faɗo mini a rai.

Ke kika koya mini cewa kallon babba cikin ido fitsara ce, kuma gaskiya kika koya mini. Yaya Hanne ta goya ni, ta yi mini wanka, to yaya zan zuba mata ido? In ta zo tana motsa hannu, sai in durƙusa, in kalli ƙasa, in jira ki faɗa mini abin da take so. Ni a ganina girmamawa ce. Ashe ba ta taɓa yi mini magana ta kai ƙarshe ba.

Gwaram aka turo ni. Ajinmu yana bayan ginin firamare, ɗaki ne mai rufin kwano. Akwai 'yan Maruta da 'yan Kwandiko, iyayensu ke kawo su a keke. Su ma kullum kai a sunkuye, haka aka hore su a gida. Sai na riƙa buga benci su ji a jikinsu, in tsuguna ƙasa da su har fuskata ta faɗa cikin idonsu. Na sha wuya kafin suka saki jiki.

Da suka saba, sai na gano kowa sun raɗa masa suna da hannu. Hedimasta tumbi ne. Ni kuwa fensir a bayan kunne. Na yi ta dariya, sai dariyar ta tsaya mini: ita fa Yaya Hanne, me take kira na?

Da aka ba da hutu bayan girbi na tafi gida Kangire. Na same ta a ƙofar ɗakinki tana ɓarar gyaɗa. Tun rasuwarki ba mai hira da ita. Matar Kawu tana ba ta abinci, ba ta rage ta da komai ba, amma daga nuna kwano sai nuna tsintsiya.

Na durƙusa kamar kullum. Sannan na ɗago kai. Ta bar gyaɗar, ta daɗe tana kallona kamar baƙo.

Na nuna Kawu, ta shafa haɓa. Na nuna ɗakinki, ta ƙulla ɗankwali a gefen hagu, daidai yadda kike ɗaurawa. Sai na nuna kaina.

Ta sunkuyar da kai, haɓa a ƙirji.

Sunana ke nan, Inna, tun ina yaro. Ba da fushi ta yi ba, har murmushi take. Da ma zagina ta yi.

Yanzu duk Juma'a in an tashi, nakan hau motar Birnin Kudu, in ƙarasa gida. Hannunta ya fi idona sauri, rabi nake kamawa, sauran ya tafi tare da ke. In na ɓata, takan ja kunnena ta maimaita. Har yau ba ta canza mini suna ba, ni ma ban roƙe ta ba. Zan jira.

Ki yafe mini jinkirin cika addu'arki. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ni tsawon ran da zan ji sauran abin da Yaya take son faɗa mini.

Ɗanki mai kewarki,
Sale