Na Kai Ƙarar Zulai

Bangi, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Mahaman,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina ƙafar taka, ya su Inno da zaman Maraɗi? Mu nan unguwar Kilomita Biyar sai godiya.

Yaya, ka tuna Zulai mai ƙosai ta bakin Titin Koudoukou? To, ta buɗe masauki daura da gidanmu, har da allo, wai Oberj. Ɗaki huɗu kacal, sai shayi da burodi da safe. Mu da muka gaji fatomanci tun daga Baba, shekara arba'in fatake na sauka a zaurenmu, yau ga Alhaji Muhyiddeen na Garwa ya tsallaka wurinta saboda fanka! Wallahi ba hassada nake ba, amma in na ji ƙarar cokulanta, kokona ba ya wucewa.

Na san kan gwamnati. Masauki sai da rajistar ciniki, da fatanti, wato takardar haraji, da izinin ma'aikatar yawon buɗe ido, da sa hannun duba-gari. Mai ƙosai ina ta ga waɗannan? Jiya na raɗa wa wani a ofis maganarta. Ka saurari labari.

Ƙaninka,
Nasidi

19 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai akwai.

Mutanen ofis sun zo mata su uku. Ashe wata takwas Zulai ta yi tana sintiri a ofisoshi, ni ina zaton asibiti take zuwa. Takardunta a gilashi, ga tukunyar kashe gobara, ga littafin da kowane baƙo ke sa lambar katinsa. Suka sha shayi, suka yi mata singila, wato godiya da yaren nan.

Suna fitowa suka hango fatake bakwai suna naɗe tabarmi a zaurena. Suka nemi littafin baƙi. Na bayyana musu cewa a gidan Baba ba a tambayar baƙo takarda, abin kunya ne. Babbansu ya rubuta maganata kaf, ya sa na sa hannu. An rufe zaure har sai na kawo izini. Baƙina, da kaina na tsallakar musu da kaya wurin Zulai.

Yau da safe ta aiko min da ƙosai, da jerin ofisoshin neman izini a rubuce, na ɗaya zuwa na biyar. Ka aiko min da takardar gidan, ita ofishin farko a jerin ke nema. Ƙosan kuwa gishiri ya yi masa kaɗan. Na cinye.

A gaida Inno, kada ta ji.

Naka,
Nasidi