Inna, Ashe Albasar Ce

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu a nan Onitsha sai godiya. Damina ce, ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, kogi ya cika har yana lasar ƙafar kasuwar Ose.

Na zauna rubuto miki ne a kan Balama. Ba ki san ta ba, bayan tafiyarki aka haife ta, amma jikar farar tunkiyar nan ce da kika sauko da ita daga Arewa. Ita kaɗai ta rage daga turkenki. Na kusa rasa ta, Inna, kuma da hannuna.

Ina yawan ganinki a bayan gidanmu na dā da hantsi, zaninki a ɗaure a ƙirji, ƙasa na tururi bayan ruwa. Sai ki kama haɓar tunkiya, ki ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa, ki leƙa, ki sake ta, ki kama ta gaba. Ni a yarintata na ɗauka gaisawa kuke yi. Har kishi nake ji, don ni ba kya leƙa idona sai na yi ƙarya.

Ina kuma tuna ki da tsintsiya a hannu duk ranar da Baba ya jibge buhunan albasa a tsakar gida. Tunkiya ta kuskura ta matso, sai ki bi ta da gudu kina cewa, "Albasa ta tukunya ce, ba ta turke ba." Mu kuwa mu yi ta dariya a ɓoye, muna cewa camfin Inna ya motsa. Ba ki taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Bana motocin harawa sun yi wuyar saukowa. Maigidana, kin san shi ma albasar yake sayarwa a Ose, sai ya riƙa kawo mini waɗanda ruwa ya taɓa, maimakon a zubar. Na miƙa wa Balama ɗaya don gwaji, ta lamushe. Daga nan kullum sai na cika mata kwano, ina murna na samo dabara. Ga ta da ciki, ina cewa ci ki ƙoshi, ke da na cikinki.

Bayan 'yan makonni sai ta daina tarbata. Ta kwanta a gindin katanga tana haki, fitsarinta ya yi duhu kamar ruwan zoɓo. Na ce sanyin damina ne, na jiƙa mata kanwa. Na ce ko baki ne, na yi mata tofi. Da ta ƙi dusa, sai na ƙara mata albasar, tunda ita kaɗai take karɓa.

Maƙwabciyata Mama Ifeoma, mai kiwon awaki, ita ta leƙo ta katanga ta ga halin da muke ciki. Ta karɓi wayata ta sa mini wata manhaja da ke taimaka wa masu kiwo gane ciwon dabba. Har yanzu ina jin muryarta: "Try am, e no dey bite," wato in gwada, ba ta cizo.

Inna, kin san abin da wayar ta fara cewa in yi? In ja fatar idon tunkiyar ƙasa, in ɗauki hoton cikinsa. Na durƙusa a cikin taɓo, babban yatsana ya tafi da kansa, daidai inda naki yake zuwa. Na ji kamar kina tsaye a bayana, har ƙamshin man kaɗen jikinki na shaƙa. Cikin idon fari fat, babu alamar jini. Shekara da shekaru ashe jininsu kike dubawa.

Wayar ta tambayi launin fitsari, na zaɓa. Ta tambayi abin da take ci, ta jero dusa, harawa, ɓawon rogo, can ƙasa sai ga albasa. Da na taɓa, ta ce mai yiwuwa yawan albasa ne yake cinye mata jini, in daina ba ta nan take, in kuma nemi likitan dabbobi don tsutsar ciki ma tana kawo irin haka. Na zauna daɓas a bakin turke na yi kuka mai isata. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, Inna, kin haifi 'yar da ta gan ki da tsintsiya ta yi dariya.

Likita ya zo a kan okada, acaɓar nan garin, ya duba, ya ce hakan ne, ya yi mata allura. A kwana na uku ta yi ɓari. Ɗan rago ne, fari tas. Na binne shi a gindin ayaba.

A kwanakin nan da nake jinyarta, in gyangyaɗi ya ɗauke ni bayan azahar, sai in gan ki a cikin kwalekwale a tsakiyar kogi, tumakinki duka a kewaye da ke, ruwan ba ya ko motsi. Ina ƙirga su ina tsoron in ga Balama a ciki. Ban taɓa kai ƙarshen ƙirgar ba nake farkawa.

Jiya ta miƙe da ƙafafunta. Ta tako a hankali tana tangaɗi har inda nake, ta cusa hancinta a tafin hannuna tana shinshina. Albasa take nema. Har yanzu gani take ni ce mai kawo mata abin daɗi. Na dunƙule hannun, ta ɗago ta kalle ni, na rasa bakin da zan ba ta haƙuri.

Ke nake bai wa haƙurin, Inna. Ki yafe mini dariyar nan. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kare abin da aka ba mu amana daga sharrin ƙaunarmu.

Taki mai kewarki kullum,
Hauwa