Direban da Ya Dawo Sau Biyu

Gitata,
Litinin.

Zuwa ga Sharifa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da mutanen gida, da aikin shago.

Tunda kin toshe lambata, na koma takarda. Na ba direban da ke lodin Keffi ya ajiye miki a shagonku na fotokwafi. Takarda dai ba a toshe ta.

Ni da ke mun daɗe a Zauren Masu Ƙarasawa, kin san abin da ya tara mu a wayoyinmu. Tun da masu shirin fim ɗin nan mai dogon zango "Layin Masu Agogo" suka tsaya a tsakiya, suka bar Lawal direba ya fita da mota bai dawo ba, kowa a zauren yake rubuta nasa ci gaban. Kin kuma san doka: wanda ya fara sanar da dabararsa ya kama fili, ba mai taɓa ta sai ya gama. Ni na kama filina tun watan jiya. Na ce Lawal zai dawo a ƙasa, ranar kasuwa, da takalmi ƙafa ɗaya. Ba zai ƙwanƙwasa ƙofa ba, fito zai yi daga bayan katanga, uwarsa ta gane fiton ta saki tukunya.

Sai ga babinki ranar Asabar. A ƙasa, ranar kasuwa, takalmi ɗaya, fito. Har ruwan da ya roƙa kafin ya gaishe ta. Hanya kaɗai kika canja: nawa ya shigo ta Gitata, naki ta hanyar Nasarawa.

Sharifa, ni malamar firamare ce. Na san yaron da ya kwafi jarrabawa ya canja suna a sama. Abin ya yi mini ciwo, don ni na fara yaba rubutunki a zauren nan lokacin da ba mai kula ki. Ki sauke babin, ki ba da haƙuri, magana ta ƙare tsakaninmu.

Ki huta lafiya.

Anjelina Manasseh


Keffi,
Laraba.

Anti Anjelina,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, da yaran makaranta masu kwafin jarrabawa.

Na toshe lambarki ne don kada in mayar miki da abin da zan yi kunyarsa, ke babba ce. Yanzu na huce, ga amsa: ba zan sauke ba.

Wallahi ban ga filin da kika kama ba. Saƙonnin zauren nan sun fi ƙarfina, rabinsu gaisuwar Juma'a ce da tallan atamfa. Na yarda ban kama fili ba, wannan laifina ne. Amma ɓarauniya? A'a. Ki nemi wani suna ki ba ni.

Fiton nan ba a babinki na ji shi ba. Wata ce ta yi mini shi da bakinta, a gabana, har muryarta ta karye. Ita ta ce takalmi ɗaya, ita ta ce ruwa. Ta roƙe ni in dawo mata da Lawal haka, ta kuma roƙe ni kada in faɗi sunanta. Duk Asabar ina karanta mata abin da na rubuta, don idonta ba ya iya ƙananan rubutun waya. In na sauke babin, me zan ce mata? In ce Lawal ya sake ɓata saboda doka?

Ki kai ni ƙara inda kike so. Amma in tambaye ki abu ɗaya, tunda ke ce mai fili: ke a ina kika samo fiton? Kin zauna kawai a Gitata ya faɗo miki daga sama?

Na bar ki lafiya. A gaida maigida.

Ƙanwarki, ko kin so ko kin ƙi,
Sharifa


Keffi,
Lahadi.

Zuwa ga Malama Anjelina Manasseh da Malama Sharifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta zumunci, ina rubuto muku ne a matsayina na shugaban Zauren Masu Ƙarasawa. Na samu labarin kun koma takarda, shi ya sa na biyo ku ta nan.

Kwamiti ya zauna, ya duba babobin biyu. Dabara ɗaya ce ba tantama. Dokar kama fili ita ta hana zauren nan watsewa, domin kafin a kafa ta marubuta huɗu sun taɓa aurar da mutum ɗaya a mako ɗaya, aka yi ta zage-zage. Ba za mu koma can ba.

Saboda haka, Malama Sharifa za ta sauke babinta kafin Juma'a mai zuwa. Idan ba ta yi ba, za a cire ta daga zaure, a kuma sanar da sauran zaurukan marubuta dalilin cirewar. Ina baƙin cikin rubuta wannan, domin ina cikin masu jiran rubutunta.

Allah ya ba mu haƙuri da juna.

Naku,
Mahfuz Shamsuddeen


Gitata,
Talata.

Ƙanwata Sharifa,

Salama a gare ki. Ina fata kin tashi lafiya.

Tambayarki ta hana ni sakat. Ban amsa ba don ni ma an roƙe ni kada in faɗi suna.

Ranar Lahadi na shigo Keffi sujada a coci. Da aka tashi na bi ta gidan Mama Filomina, ƙawar marigayiya mamata, mai tuyar doya. Na zauna na karanta mata sabon babina kamar yadda na saba. Ta saurara ido rufe har na kai ƙarshe. Sai ta ce, "Ya yi kyau. Amma a na jiya ana ruwan sama da ya shigo."

Na ce, "Mama, wane na jiya?"

Ta kama gyaran ɗankwali. Sai na tuna inda take kafa kaskonta: bakin shagonku na fotokwafi. Sharifa, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Kin san zancen Natan, na tabbata. Ɗanta guda, ya fita ɗaukar doya a Panda, yau shekaru ke nan, ba shi ba motar. Shi ne mai fito a bayan katanga in ya yi dare. Ni na san haka tun farko, na ɗauka ni kaɗai ta ba wa amanar. Raina ya ɓaci. Na ce, "Mama, kin haɗa ni faɗa da yarinyar mutane. Na kira ta ɓarauniya. Me ya sa kika ba mu mu biyu?"

Ba ta ba da haƙuri ba, ko kaɗan. Ta ce, "Masu neman sa sun nema sun gaji sun bari. Masu addu'a sun ce in saki. Masu fim ma sun bar nasu a hanya. Ke ma mutum ce, Anjelina. In kin gaji fa? Shi ya sa na riƙe biyu."

Na yi kuka, ita kuwa ko ɗigo, sai ma ta tura mini doya ta ce in ci kafin ta huce.

Ki yafe mini sunan da na kira ki. Ta ce in gaya miki, amma ba ta yarda zaure ya ji sunanta ba, don ta gaji da a ce ta zare. Ke nan ba mu da hujjar da za mu nuna wa Mahfuz. Ni ce mai fili, don haka na yi tunanin in sauke nawa ki bar naki. Me kika gani?

Ubangiji ya kiyaye ki.

Yayarki,
Anjelina


Keffi,
Alhamis.

Malam Mahfuz,

Wa alaikumus salam. Muna gaisuwa, muna kuma gode wa kwamiti da wahalar zama.

Anti Anjelina ta shigo gari yau, tana zaune kusa da ni, da bakinmu biyu nake wannan rubutu. Ta so ta sauke nata don a bar ni. Na ce in ta sauke, ni da ita har abada. Ba wanda zai sauke ko layi ɗaya.

Ba wanda ya saci na wani. Mun san inda dabarar ta fito, kuma ba za mu faɗa ba, ko da kwamiti zai kwana yana zama. Ka ce dabara ɗaya ce. Gaskiya ne. Amma ka sake karantawa. A na Anti, uwar ta rufe shi da faɗa kafin ta rungume shi. A nawa ta kasa tashi, shi ya durƙusa ya rarrafo. Wanne ne a ciki bai kamata a rubuta ba?

Dokarku ta hana mu zagin juna, mun gode mata. Amma fa ku tuna Lawal ɗin ma ba namu ba ne, aro muka yi dukanmu. Mun taru ne don an bar mutum a hanya, mun ce ba mu yarda ba. Yau mutum biyu sun dawo da shi, sai ku ce ya yi yawa, a mayar da ɗaya daji?

In za ka cire, cire mu tare. In za ka sanar da zauruka, rubuta sunayenmu daidai. Muna da mai saurare, kuma ita ba ta taɓa cewa ya ishe ta ba.

Ba mu riƙe ka a rai ba. Allah ya bar zumunci.

Sharifa
Anjelina Manasseh


Keffi,
Asabar.

Anti,

Gaisuwa. Na buɗe lambarki tuni, amma na saba da takardar nan.

Kin ga ya cire mu jiya bayan an sauko masallaci. Yau na gaya wa Mama, ina tsoron ta ce ita ta jawo. Ko kallona ba ta yi ba, tana juya doya. Ta ce, "Shi yaron da ya kore ku, ya iya rubutu?"

Na ce ya iya.

Ta ce, "To ku kawo mini shi. Ke kin bi Nasarawa, Anjelina ta bi Gitata. Saura hanyar Akwanga da ta Abuja, ba wanda ya dawo da Natan ta can tukuna."

Natan ta ce, Anti, ba Lawal ba. Ban gyara mata ba.

Ki zo da babi na gaba.

Sharifa