Tsamiyar Kan Iyaka

Zuwa ga Yaya Habu a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali? Mu nan Roni lafiya lau.

Bayan haka, tsamiyar da ke iyakar gonarmu da ta Tanko an sassaƙe ɓawonta zagaye. Tanko ya ce wai masu neman magani ne. Yaya, mai magani gefe ɗaya yake sassaƙa, ba ya kashe itace. Jiya kuma na ga kunyarsa ta kai har gindinta. In ta bushe, me zan nuna wa dagaci?

Na shafe raunin da laka. A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Ka dawo kafin damina, shaidun iyakar nan saura kai da ita.

Ƙaninka, Sule